Hutun Ma'aikaci: Ina Za A Nufa Da Kayan Da Aka Ɗaure?

Kwanan baya na kai ziyara gidan wani yayana, babban ma'aikaci, haifaffen Daura, wanda aiki ya zaunar da shi a Abuja shekara da shekaru. Da shigata sai na tarar falo ba wurin sa ƙafa. Akwatuna ne manya da ƙanana a buɗe, yara sai kai da kawowa su ke yi, uwargida kuwa tana tsaye riƙe da takarda da biro, abin da aka sa a akwati ta soke shi. Na ce, "Yaya, ko canjin wurin aiki aka yi maka ba mu ji ba?" Ya yi dariya ya ce, "A'a ƙanena, hutu za mu tafi." Ashe wani gida suka kama haya na mako guda a bakin teku a tsibirin Zanzibar, gida sukutum da mai dafa abinci da wurin ninƙaya, su da 'ya'yansu huɗu.

Muna cikin hira sai 'yarsa ta fari, wadda ta kusa gama firamare, ta zo ta gaishe ni, ta shiga lissafa mini abubuwan da za su gani, har da manyan kunkuru da gonakin kanumfari. Na yaba mata. Sa'an nan na ce, "To, Kusugu fa, yaushe za ki je ki gani?" Yarinya ta dube ni ta ce, "Baffa, a wace ƙasa ya ke?" Uban ya sunkuyar da kai yana neman wani abu a cikin akwati. Wannan tambaya tata ita ce ta sa na ɗauki alƙalami.

Tun da fari ina so mai karatu ya sani ba ƙyashi ne ya sa ni magana ba. Wanda ya yi aikinsa tsakani da Allah ya tara halaliyarsa, yana da ikon ya kai iyalinsa inda ya ga dama, kuma tafiya mabuɗin ilmi ce. Zanzibar ba wurin rainawa ba ne. Tsibirai ne a tekun Indiya, manyansu Unguja da Pemba, waɗanda suka haɗu da Tanganyika a 1964 aka sami ƙasar Tanzaniya. Tsohon birninta na dutse ya shiga jerin wuraren tarihi na duniya na hukumar UNESCO a shekarar 2000, kuma yaron da ya taka tsohuwar kasuwar bayi ta can ya koyi darasin da ba allon makaranta da zai koya masa. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne irin shirin da aka yi wa wannan tafiya, in aka gwada shi da yadda mu ke shirya tafiya gida.

Wata uku yayan nawa ya yi yana shiri. Da farko fasfo, wanda tun daga watan Satumba na 2025 mafi arha a cikinsa, mai shafi 32, naira dubu 100 ne a cikin Nijeriya. Mutum shida ke nan naira dubu 600, watau fiye da albashin wata takwas na ma'aikacin da ke karɓar mafi ƙanƙantar albashi na naira dubu 70 da aka sa wa hannu a 2024, alhali ba a ko tashi daga gida ba. Bayan wannan ga biza, ga katin allurar shawara wanda ba a shiga sai da shi, ga inshorar dole ta dala 44 da hukumomin Zanzibar suka ɗora wa baƙi tun daga Oktoba na 2024, ga kuɗin jirgi da na gida, dukansu da dala a ke lissafinsu. Dalar kuwa da ta ke wajen naira 460 a farashin gwamnati a watan Mayu na 2023, ta haura naira 1,500 a cikin 2024. Duk wannan bai karya masa gwiwa ba. Ya bincika yanayin ƙasar ya san watannin ruwa da na rani, ya san irin tufar da ta dace, ya tanadi maganin sauro da na ciwon ciki da hular rana, ya rubuta abin da za a yi kowace safiya. Har lambar asibiti mafi kusa da gidan ya ajiye.

To jama'a, wane ne a cikinmu ya taɓa yi wa tafiya Daura kwatankwacin wannan shiri?

Yadda mu ke yi sananne ne. Sai ana jibi Salla maigida zai shigo da la'asar ya ce a haɗa kaya, gobe da asuba za a kama hanya. Nan take gida ya rikice. A zazzage sif, a cusa na wanki da na guga wuri ɗaya a buhun bakko, a manta da maganin tsohuwa, a manta da gidan sauro, a tuna da tabarmar salla bayan an wuce Zariya. Mota mai cin mutum biyar a ɗura mata takwas, but ya ƙi rufuwa sai an ɗaure shi da igiya, sa'an nan a nufi tafiyar da ta fi kilomita 500 da tayar da ba a duba ba. A isa Kano rana ta yi tsaka, a bi ta Ɗambatta da Kazaure yara na kuka, a shiga Daura kowa ransa a ɓace. Bayan kwana uku a juyo. Wai an yi hutu ke nan.

Kakanninmu fatake ba haka su ke yi ba. Ayarin da zai tafi Gwanja sayen goro yakan yi watanni yana shiri. Madugu ya san kowane zango da kowace rijiya, jagaba yana gaba, an auna mangalar kowane jaki don kada ɓangare ɗaya ya rinjayi ɗaya, guzuri kuwa an zaɓi wanda ba ya lalacewa. Ko a zamanin iyayenmu, malamin makaranta ko akawun En'e da zai tafi hutu, tun da sauran mako biyu a ke fito da fantimoti da akwatin ƙarfe a kakkaɓe, a aika wa gida da wasiƙa a faɗi ranar zuwa. Mu da mu ke da waya a aljihu mu ne mu ke faɗa wa mutane kamar ruwan bazara.

Amma babban nauyin da ke cikin kayan ɗan Daura mai komawa gida ba tufafinsa ba ne, tsaraba ce. Turmin atamfa na inna da na gwaggo, shadda ta baffa da ta kawu, buhun shinkafa, katan ɗin sabulu da na taliya, sukari, goro, da sababbin takardun kuɗi na rabon yara. Tsaraba al'ada ce mai kyau, ba na kuwa cikin masu cewa a bar ta, domin ita ce shaidar cewa wanda ya fita bai manta da waɗanda ya bari ba. Sai dai ta tashi daga alheri ta koma haraji. Tun da aka janye tallafin mai ran 29 ga Mayu 2023, litar fetur da a ke saye ƙasa da naira 200 ta haura naira 1,000 a wurare da yawa kafin ƙarshen 2024, kuma kome ya bi ta. Ma'aikaci mai matsakaicin albashi in ya lissafa kuɗin mai da na tsaraba sai ya ga ba mafita illa ɗayan biyu: ko ya ci bashin ƙungiyar adashin ofis ya yi wata shida yana biya, ko kuwa ya ƙi zuwa ɗungum ya fake da cewa aiki ya yi yawa. Na san mutanen da suka shekara huɗu ba su taka gida ba, ba don ba su so ba, sai don kunyar zuwa hannu rabbana. Iyayensu kuwa, in da za a tambaye su, fuskar jikokinsu su ke bukata, atamfa ko ba ta zo ba. A nan dattawan gida su ma suna da aiki: su buɗe baki su gaya wa 'ya'yansu cewa zuwa da kai ya fi saƙo, kuma su hana 'yan gulmar unguwa ƙidaya buhunan da aka sauke daga mota.

Akwai kuma wani abu guda da tafiyar Zanzibar ta fi tamu, wanda dole in faɗa ko da ba zai yi wa 'yan'uwana maza daɗi ba. A can, uwargida hutawa za ta yi. Matar yayan nawa ta gaya mini ƙiri-ƙiri cewa abin da ya fi faranta mata rai a duk tafiyar shi ne za ta yi kwana bakwai ba ta hura wuta ba. In Daura aka zo kuwa, ita ce ta haɗa kaya, ita ce ta yi fama da yara a hanya, kuma da an sauka za ta ɗaura zani ta shiga madafi, daga tukunyar mutum shida ta koma ta mutum talatin, ga gaishe-gaishen dangin miji da ba a ƙetare ko gida ɗaya. Maigida yana ƙofar gida a kan tabarma da abokan ƙuruciya ana shan fura ana tuna da. Ita kuwa ta koma bakin aikinta, domin da yawansu malaman makaranta ne da ma'aikatan jinya, a gajiye fiye da yadda ta tafi. Ina laifin a ɗauki mai taya aiki na 'yan kwanakin nan, a kuma ware mata kwana biyu cur ta je gidan iyayenta ta miƙe ƙafa? Kuɗin wannan bai kai na turmin atamfa guda ba. Wanda ya ƙi yin haka kada ya yi mamaki in matarsa da 'ya'yansa suka riƙa jin sunan garinsu kamar an ambaci horo.

Shi kansa hutun, doka ce ta ba da shi. Dokar ƙwadago ta 1974 ta ce duk wanda ya yi wata 12 yana aiki yana da aƙalla kwana shida na aiki da zai huta da cikakken albashi. Ƙa'idojin aikin gwamnati sun fi haka sauƙi: kwana 30 ga ma'aikaci daga mataki na 7 zuwa sama, 21 ga na tsakiya, 14 ga na ƙasa. Waɗanda suka tsara wannan ba wawaye ba ne, sun san jiki da ƙwaƙwalwa ba ƙarfe ba ne. Amma a ofisoshinmu hutu ya zama takarda kawai. Wani ya cika fom ya ci gaba da zuwa aiki don tsoron kada a ba wani kujerarsa kafin ya dawo. Wani ya karɓa ya ƙare shi a kan neman abin cika tukunya. Wani kuma maigidansa ne ke ɗaga masa shi shekara bayan shekara da sunan ba mai riƙe aikin. Ofishin da ba zai iya rayuwa kwana 30 ba tare da mutum ɗaya ba, ai ba yabo ya kamata a yi wa mutumin ba, tsarin ofishin ya kamata a bincika.

Saboda haka shawarata ga ma'aikaci ɗan ƙasar Daura, har ma da wanda ba ɗan can ba, ita ce ya ɗauki hutunsa cikakke, ya daidaita shi da na makarantu, ya yi wa tafiya gida irin shirin da a ke yi wa tsibiri. Lokaci kuwa ya ba da dama. Sallar Gani, wadda Daura ta yi suna da ita, a watan Rabi'ul Awwal a ke yinta, lokacin Mauludi, kuma da ya ke shekarar Hijira tana gaza ta Miladiyya da wajen kwana 11, bikin yana matsowa baya kowace shekara. A 2024 Mauludi ya faɗo tsakiyar Satumba, a 2025 farkon Satumba, daga 2026 zuwa 2028 kuwa cikin Agusta ya ke, watau tsakiyar dogon hutun ɗalibai. Ba kullum a ke samun wannan dacewa ba.

Sai dai Agusta tsakiyar damina ce, marka ta sauka, sauro ya yi ƙarfi. Yaron da ya tashi a gida mai raga a taga shi ne farkon wanda zazzaɓin cizon sauro ke kayarwa a ƙauye. Don haka gidan sauro mai magani, ɗaya ga kowane gado, shi ya kamata ya fara shiga akwati kafin shaddar kwalliya. Sai maganin da likita ya rubuta wa mai hawan jini ko ciwon sukari, wanda zai isa har a dawo da 'yan kwanaki a kai, da gishirin haɗin zawo na yara, da katin rigakafinsu, da tocila, da takalmin da ba ya tsoron taɓo. Wanda zai zo da hunturu, Disamba da Janairu, bargo da rigar sanyi da man shafawa ne abokan tafiyarsa. Watannin Maris zuwa Mayu kuwa, lokacin da zafi ke haura awo 40, ban ba kowa shawarar ya kawo jariri ba sai da dalili. Wanda kuma ya ke da niyyar ƙetarawa ta Kongwalam ya gaida dangi a Matamai ko Damagaram, ya riƙe takardun shaidarsa da na iyalinsa, ya kuma tambayi halin da iyaka ke ciki kafin ya tashi. An rufe ta a 2019, an sake rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023, kuma Nijar ta fice daga ƙungiyar ECOWAS a Janairun 2025. Zumunci bai canja ba, amma ma'aikacin shinge takarda ya sani.

Me za a nuna wa yaran in an zo? Nan ne abin ya fi yawa. Ga rijiyar Kusugu a tsakiyar gari, an gina mata ɗaki, har yau da ruwanta, baƙo yakan sa guga ya ja da hannunsa. Ga fadar da ta gaji sarautar Magajiya Daurama, inda Mai Martaba Sarkin Daura Alhaji Umar Faruk Umar ya ke zaune tun 2007, bayan rasuwar Sarki Muhammadu Bashar wanda ya yi sarauta daga 1966. Ga kufan Tsohon Birni, inda aka ce nan ne mazaunin farko kafin a dawo garin yanzu. Ga Zango da Ɓaure, waɗanda labarinsu darasi ne mai zaman kansa: bayan jihadi, wajen 1805, Malam Isiyaku ya karɓi Daura, gidan sarautar Haɓe ya koma can ya ci gaba da riƙe sunansa shekara ɗari, har Turawa suka maido da Malam Musa gadon Daura a 1906. Ɗalibin da ya haddace wannan don jarrabawa, in ya tsaya a Zango da ƙafarsa ba zai sake mantawa ba. Ran Lahadi kuma a kai su kasuwar Mai'aduwa su ga raƙuma da shanun da a ke korowa daga Nijar, su ji yadda dillali ke ciniki. Ni dai ban ga kunkurun da ya fi wannan ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne masauki. Labarin Daura kansa labarin baƙo ne. Bayajida, kamar yadda a ke faɗa, ya taso daga Bagadaza ya biyo ta Barno, ya bar matarsa a Garun Gabas, maƙeran Gaya suka ƙera masa wuƙa, ya iso Daura da dare ya sauka gidan wata tsohuwa mai suna Ayana, ya roƙi ruwa aka ce ba a samu sai ran Juma'a saboda macijin da ke rijiya. Masauki da ruwa ya nema. Mai iyalin da ya zo yau shi ma su zai fara tambaya. Ɗan gari yana da ɗakin da zai raɓa a gidansu, ko da a cunkushe. Amma malamin makaranta daga Sakkwato ko ma'aikacin banki daga Jos da ya ke so ya kawo matarsa da 'ya'yansa huɗu su kwana biyar fa? Ɗakin otal ɗaya ba zai ɗauke su ba, uku kuwa sun fi ƙarfin aljihunsa. Shi ya sa baƙin Daura, manya da ƙanana, sukan zo da hantsi su juya da la'asar, su kwana Katsina mai nisan kilomita wajen 80, ko Kano. Kuɗin kwanansu da na abincinsu can ya ke zuba.

Ga shi kuwa gari cike da manyan gidaje da 'yan Daura mazauna Abuja da Kaduna da Ikko suka gina, waɗanda ke kulle wata goma sha ɗaya a shekara, ba kowa ciki sai maigadi da ƙadangaru. Abin da mutanen Zanzibar suka gane ke nan: gidan da yayana ya kama ba na gwamnati ba ne, na wani mutum ne da ya gyara shi ya ke ba da haya ga iyali. Ba abin da zai hana a yi haka a nan, in Majalisar Sarki da ƙananan hukumomi biyar na masarautar, Daura da Ɓaure da Mai'aduwa da Sandamu da Zango, suka yi rajistar irin waɗannan gidaje, aka tabbatar da ruwa da tsabta da tsaro, aka sa farashi sananne. Matan unguwa su sami cinikin abinci, matasa su sami na kai baƙi. Ɗaliban Kwalejin Yusufu Bala Usman da na Kwalejin Fasaha ta Tarayya da aka kafa a Daura a 2019 za su iya zama 'yan rakiya a lokacin hutunsu, in an ba su horo na mako biyu da ɗan littafi mai gaskiyar tarihi, a Hausa da Turanci da Faransanci, domin maƙwabtanmu na arewa da Faransanci suka yi karatu.

Kada a ce abin ya yi nisa. A watan Disamba na 2024 UNESCO ta sa hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun duniya, kuma wanda ya zo kallon na Kano tafiyar awa biyu ce ta raba shi da Hawan Magajiya. Hanyar jirgin ƙasa daga Kano zuwa Maraɗi, wadda aka ƙaddamar da aikinta a Fabrairun 2021, ta Kazaure da Daura aka zana ta. Tun bayan da aka yi jana'izar tsohon Shugaban Ƙasa Muhammadu Buhari a gidansa ran 15 ga Yuli 2025, sunan garin ya ƙara shiga kunnen waɗanda ba su taɓa zuwa ba. Ranar da jirgin zai fara tsayawa a tasha, fasinja zai sauko da akwatinsa ya tambayi inda zai kwana, kuma amsar ba a ranar a ke shirya ta ba.

Yayana da iyalinsa sun je sun dawo lafiya, sun kawo mini tsarabar kanumfari. Na karɓa na yi godiya, na kuma ce masa in Gani ta zo ni zan ɗauki nauyin man mota daga Kano, shi ya ɗauki na gidan sauro. Ya ce zai duba takardar hutunsa. 'Yar tasa kuwa ta riga ta sa ni alkawarin cewa ita za ta fara jan guga.